Galahanga: Gwanin talabijin, na'urar ƙwaƙwalwa da baligin da aka manta a kurmi

Da za a tsayar da ma'aikaci a harabar Sakatariyar Tarayya da ke Abuja a ce ya siffanta baligi mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, da wuya ya ɗauko misali daga danginsa ko daga layin gidansu. Wanda zai faɗo masa a rai shi ne Shaun Murphy, matashin likitan tiyata na shirin The Good Doctor da tashar ABC ta Amurka ta haska daga 2017 zuwa 2024, wanda ke hango cutar da ta shige wa manyansa duhu. In mai bin finafinan Koriya ne, zai ambaci lauya Woo ta shirin Extraordinary Attorney Woo na 2022, wadda ta haddace kundin dokoki kamar mai tilawa. In kuwa da fim ɗin Indiya ya tashi, kamar yawancin Hausawa, to Rizwan Khan ne, rawar da Shah Rukh Khan ya taka a My Name Is Khan a 2010: Musulmi mai gaskiya tsantsa, gwanin gyaran na'urori, wanda ya ratsa Amurka don ya isar wa shugaban ƙasa saƙo.

Ba za a hana waɗannan shirye-shirye haƙƙinsu ba. Sun sa miliyoyin mutane sun ji sunan lalurar a karon farko, sun kuma nuna cewa mai ita yana girma, yana so, yana fushi, yana neman aiki. Kafin su, zancen galahanga zancen yara ne kawai, kamar dai yaron ɓacewa yake yi da zarar ya cika shekara 18. Sai dai akwai sharaɗin da talabijin ke gindaya wa mai galahanga kafin ta ba shi wuri, shi ne ya zo da wata baiwar da za ta biya jama'a wahalar zama da shi. Likitan yana ceton rai, lauyar tana cin shari'a, shi ya sa ake haƙuri da kau da idonsu da maimaita maganarsu. Tun fim ɗin Rain Man na 1988 ake kan wannan turba, alhali Kim Peek, mutumin da aka ɗauko siffar jarumin daga gare shi, masana daga baya sun karkata ga cewa wata lalura ce daban aka haife shi da ita.

Masu irin wannan baiwa tsiraru ne. A ɗaya gefen akwai waɗanda kwamitin masana na mujallar Lancet ya ware wa suna na musamman a 2021, wato masu galahanga mai tsanani, waɗanda ba sa magana ko kuma kalmominsu ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a iya barin su su kaɗai dare ko rana. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a 2023 cewa sun kai kusan kashi 27 cikin 100 na yara masu lalurar da ta bibiya. Tsakanin gwanayen da waɗannan ne mafi rinjaye suke, mutane kamar kowa, masu iya wani abu da kasa wani. Ko a Birtaniya, inda ake da tallafi da makarantu, wani bitar da gwamnati ta sa aka yi a 2024 ya nuna kusan 3 cikin 10 ne kawai na baligai masu galahanga ke da aikin yi. Da kamfanin Amazon ya gwada nuna irin wannan rayuwa a 2022, a shirin As We See It, da 'yan wasa uku waɗanda su kansu masu galahanga ne, zango ɗaya aka yi aka tsayar da shi.

Abuja ma ta ɗanɗana nata. Ranar 2 ga Afrilu, 2025, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wayar da kai kan lalurar, an baje zanen Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke a Dandalin Eagle, zanen da faɗinsa ya haura murabba'in mita 12,000, wanda ya shigar da yaron mai shekara 15 kundin bajinta na Guinness. Yaron ya cancanci yabo, iyayensa sun fi cancanta. Matsalar tana wajen jami'in da zai bar dandalin yana jin an sauke nauyi. Taron bajinta yana da daɗin halarta, yana kuma kyau a hoto, amma ba ya tambayar kowa ina wanda ba ya zane yake kwana.

Finafinan gida, na Kano da na Legas, sun bi ta wata hanyar suka iso wuri guda. An daɗe ana sanya mutum mai irin waɗannan alamomi a gurbin gaula, wando a ɗage, yawu na zuba, yara na biye da shi, 'yan kallo na ƙyaƙyatawa. In ba haka ba, to ɗan da kishiya ta yi wa sammu ne, wanda malami ko fasto zai karya asirin a ƙarshen fim ya miƙe garau yana gaida uwarsa. Darasin da mai kallo ke tashi da shi daga fim ɗin waje da na gida ɗaya ne: labarin mai galahanga yana ƙarewa ne ko da baiwa ko da waraka. Wanda bai samu ko ɗaya ba ba shi da labari.

Kalmar galahanga kanta, a bakin jama'a, buhu ce da ake zuba lalurori da dama a ciki, daga shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa zuwa jinkirin fahimta. Abin da likitoci ke nufi ya fi haka ƙunci. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun daga ciki, wanda ke bayyana a wahalar mu'amala da karanta fuskokin mutane, da maimaita motsi ko magana, da riƙo da tsari ɗaya, da jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da kima. Wani bincike na 2019 da ya duba bayanan mutum miliyan 2 a ƙasashe 5 ya danganta kusan kashi 80 cikin 100 na haɗarin samun lalurar ga gado. Allurar rigakafi ba ta haddasa ta. Takardar Andrew Wakefield ta 1998 da ta haifar da wannan zargi an janye ta a 2010, shi kuma an soke lasisinsa. Arewar da ta biya tsadar ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003 ba ta buƙatar a sake tunatar da ita abin da jita-jita ke jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin mutum 1 cikin 127 ne ke da lalurar. Ko da wannan lissafi kusa-kusa ya yi daidai, unguwar da ke da mutum 10,000 tana ɗauke da kusan 80, kuma da yawansu sun wuce ƙuruciya.

Wannan lissafi bai tsaya a Kano da Sakkwato ba. Ya shafi unguwannin Hausawa na kurmi, kuma a can ne abin ya fi tsauri. Hausawa sun haura shekara 100 suna zaune a biranen Kudu maso Gabas da Neja Delta. Ana samun su a Asata da kasuwar Garki a Inugu, da kewayen titin Bida da bakin gadar Neja a Anacha, da Diobu da Oyigbo a yankin Fatakwal, suna saukar da shanu da albasa da wake da doya, suna loda manja zuwa Arewa, suna canjin kuɗi da tsire da gadi da facin takalma. Inugu ce garin da Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinta na farko a shekarun 1950. Akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne aka haifa a can, suna jin Ibo ko Burokan kamar Hausa.

Mai galahanga a irin wannan unguwa baƙo ne sau biyu. Baƙo ne ga mutanensa, waɗanda ke fassara shirunsa da iskoki ko maita ko ɗan ruwa, maƙwabcin gidan kuma, in Ibo ne, ya ce ogbanje. Baƙo ne kuma ga jihar da yake ciki, domin duk tallafin da jiha ko ƙaramar hukuma ke bayarwa yakan bi ta takardar shaidar ɗan asali, shi kuwa tasa tana nuni ne ga wata ƙaramar hukuma a Katsina ko Jigawa da mai yiwuwa bai taɓa kwana a cikinta ba. Can kuma ba a san da zamansa ba, balle a sa shi a lissafi.

Ko gano lalurar sai da harshe. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke tabbatar da galahanga. Likita yana lura da mutum ne, sannan ya zauna da uwa ya yi ta tambaya: yaushe ya fara magana, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa, me ke tunzura shi. Uwar da ke cikin kulle a Asata Hausa take ji, likitan kuma Ibo da Turanci, sai a ɗauko wani ɗan uwa namiji ya yi tafinta, ya tace abin da yake ganin abin kunya ne. Sau da yawa ma ba a kai ga likitan. Yaron da ya tashi cikin harsuna uku, in ya yi jinkirin magana, sai a ce yawan yare ne ya ruɗa shi, a yi ta jira har shekarun da taimako ya fi tasiri su wuce. Tashi da harsuna da yawa kuwa ba ya jawo galahanga.

Abin ban takaici shi ne ilimin yana kusa. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Inugu na daga cikin wuraren da aka fara nazarin galahanga da gaske a Najeriya. A can Dokta Muideen Bakare da abokan aikinsa suka tsara ma'aunin auna sanin ma'aikatan lafiya game da lalurar a 2008, ma'aunin da aka yi ta aro a wasu ƙasashe. A 2009 suka wallafa binciken da ya nuna fiye da rubu'in ma'aikatan lafiyar da aka tambaya a yankin sun danganta lalurar ga abubuwan gaibu. Idan wanda ya yi karatun jinya ya tafi a kan haka, ba a ga laifin mai sayar da albasa ba. Fatakwal na da asibitin koyarwa na jami'a da asibitin ƙwaƙwalwa na Rumuigbo, Anambra na da na Nawfia da asibitin koyarwa na Nnewi. Gine-ginen suna nan. Likitocin ƙwaƙwalwa ne, bisa faɗar ƙungiyarsu, ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, masu koyar da magana da dabarun rayuwa kuma sun fi haka ƙaranci.

Duk da haka unguwar tana da nata rufin asiri, kuma bai kamata a raina shi ba. Rumfar kasuwa wuri ne da saurayin da ba ya son surutu zai iya zama mai amfani: ya jera buhuna, ya ƙirga kwanduna ba kuskure, ya buɗe ya rufe a kan lokaci, ya bi sahun salla biyar da tsarinta ba ya canzawa. Ana ce masa bawan Allah, ana ba shi na abinci. Amma wannan rufin asiri a wuyan mutum ɗaya yake rataye, wato uba ko yayan da ke riƙe da rumfar. Rumfar ta haya ce, ɗakin na haya ne, gona babu. Ranar da mai riƙon ya faɗi, shawarar dangi takan zama a mayar da shi gida, gidan da bai san hanyar rijiyarsa ba, wajen mutanen da ba su san abin da ke kwantar masa da hankali ba. Daga nan zuwa mari ba nisa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa da sarƙa a sassan Najeriya, a gidajen gargajiya da na addini har da wasu na gwamnati, kuma a shekarar ce 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna.

Mace kuwa tata ta fi ɓoyuwa. Shirunta ana ɗaukarsa kunya, har a yaba. A aurar da ita ba tare da an gaya wa mijin komai ba, ta dawo da saki da goyo, a ce ba ta da tarbiyya.

Sai kuma abin da mazauna kurmi suka fi kowa sani, wato zaman ɗar-ɗar. Mai galahanga yana rayuwa ne da tsari: hanya ɗaya, lokaci ɗaya, fuskoki sanannu. A Fabrairun 2006 Hausawan Anacha sun tsallaka gada zuwa Asaba da abin da hannu ya iya ɗauka. A Oktoban 2020 Oyigbo ta yi kwanaki cikin tarzoma da dokar hana fita. Tun Agustan 2021 zaman gida na ranar Litinin ya riƙa datse mako a Kudu maso Gabas. Kowa ya sha wuya a waɗannan lokuta, 'yan gari da baƙi. Amma mutumin da ƙarar janareta kaɗai ke sa shi toshe kunne, wanda ba ya amsa tambaya in an daka masa tsawa, wanda kan ruga in an taɓa shi ba zato, shi ne ya fi kowa shiga haɗari a shingen bincike.

Iyalin da ke cikin wannan hali ne kasuwar waraka ke nema, kuma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Talabijin na da tarihi a nan ma. A 1998 shirin Dateline na tashar NBC ya nuna labarin wani yaro da aka ce ya fara magana bayan an yi masa allurar sikiritin, wani sinadari da ake amfani da shi wajen gwajin hanji. Iyaye dubbai suka yi ca a kansa, farashi ya tashi. Gwaje-gwaje fiye da 10 da aka yi a tsanake daga baya ba su ga wani bambanci tsakaninsa da ruwan gishiri ba. A Agustan 2005 wani yaro ɗan shekara 5 da aka ɗauko daga Ingila ya rasu a jihar Pensilbaniya yayin da ake yi masa abin da ake kira wanke jini daga ƙarafa, bisa zaton ƙarfen makuri ne ya jawo lalurarsa. Maganin ya zuƙe sinadarin kalsiyam na jininsa, zuciya ta tsaya.

Magungunan da manyan kamfanoni suka zuba wa kuɗi ma ba su kai labari ba. Kamfanin Roche ya dakatar da gwajin balovaptan a 2020. A 2021 kamfanin Servier ya tsayar da manyan gwaje-gwajen bumetanide saboda ba a ga amfani ba, kuma a shekarar ce gwajin feshin hanci na oksitosin a kan yara 290 ya tashi a tutar babu. Magunguna biyu ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da su dangane da galahanga, risperidone a 2006 da aripiprazole a 2009, kuma dukansu na rage tunzuri da cutar da kai ne, ba sa taɓa asalin lalurar, suna kuma sa ƙiba da kasala. Ko a Satumban 2025, da Fadar White House ta yi shelar maganin leucovorin ta kuma zargi farasitamol, ƙungiyoyin likitoci sun ce ƙananan gwaje-gwajen da ake da su ba su isa hujja ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu tabbacin alaƙa tsakanin farasitamol da lalurar.

Wanda ya fi ɗaukar ido yanzu shi ne motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wanda ake taƙaitawa da TMS. Anthony Barker ne ya ƙirƙiro shi a Shefil ta Ingila a 1985. Ana ɗora wani naɗin waya a kan fatar kai, ya riƙa sakin bugun maganaɗisu, bugun ya ratsa ƙoƙon kai ya tayar da ɗan lantarki a saman ƙwaƙwalwa, zurfin santimita 2 zuwa 3. Ba a tsaga, ba a sa barci. Ba tsibbu ba ne: FDA ta amince da shi don ciwon tsananin damuwa a 2008, da ciwon waswasi mai tilasta maimaita aiki a 2018. Masu gwada shi a kan galahanga suna dogara ne da hasashen cewa akwai rashin daidaito tsakanin jijiyoyin da ke zuga ƙwaƙwalwa da masu taka mata birki, kuma bugun zai iya daidaita su. Hasashe ne mai ma'ana. Amma FDA ba ta amince da na'urar don galahanga ba, kuma yawancin binciken da ake kafa hujja da su ƙanana ne, wasu ma babu rukunin da aka yi wa na bogi don a kwatanta. Da masu bincike a Toronto suka yi kwatancen yadda ya kamata a 2020, da mutum 40 'yan shekara 16 zuwa 35, ba a sami bambanci mai ƙarfi tsakanin rukunin gaske da na bogi ba a kan abin da aka je aunawa.

Labarin da ya fi yaɗa sunan TMS na wani baligi ne mai galahanga, marubuci John Elder Robison, wanda ya shiga gwaji a asibitin Beth Israel Deaconess na Boston daga 2008 ya kuma ba da labarinsa a littafin Switched On a 2016. Ya ce ya wayi gari yana karanta abin da ke fuskokin mutane. Masu talla a nan suke tsayawa. Shi bai tsaya ba: ya bayyana cewa yawancin abin da ya fara gani baƙin ciki ne da tsoro da izgili, ya gane wasu da ya ɗauka abokai dariya suke yi masa, aurensa kuma ya mutu. Labarin mutum ɗaya ne, ba ya tabbatar da amfani ko illa. Yana dai tuna wa mai sauraro cewa ƙwaƙwalwa ba rediyo ba ce da za a murɗa a kamo tasha, kuma baligin da za a ɗora wa na'urar yana da ta cewa. Da yawa daga cikin masu galahangar da ke iya bayyana ra'ayinsu sun ce abin da suke nema aiki ne da mutunci.

Rashin hujja bai hana ciniki ba. Jaridar Los Angeles Times ta ba da rahoto a 2024 kan asibitocin kuɗi a Amurka da ke sayar wa iyaye wani nau'in wannan aiki mai suna MeRT kan dala 10,000 ko fiye. In aka ƙaddara dala a naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan, kusan albashin shekara 18 na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Attajirin shanu a Garki ko ɗan canji a Fatakwal zai iya haɗa wannan kuɗi in an nuna masa bidiyon yaro yana kiran babansa, zai kuma sayar da abin da ya kamata ya zama jarin ɗan nasa bayan ransa. Akwai kuma haɗarin da talla ba ta ambata: farfaɗiya ta fi yawa a tsakanin masu galahanga fiye da sauran jama'a, bugun maganaɗisu kuma, ko da ba kasafai ba, yana iya tayar da ita. Masu tafiya Indiya neman dashen ƙwayoyin halitta na tushe su ma ya kamata su san cewa sashen ɗa'a na hukumar likitocin ƙasar ya bayyana a 2022 cewa yin wannan aiki don galahanga saɓa ƙa'idar aikin likita ne.

Wannan ba kira ba ne a rufe ɗakunan bincike. Uwar da ɗanta mai shekara 25 ke buga kansa a bango har jini ya fito tana da haƙƙin fatan magani, kuma masu cewa galahanga bambanci ne kawai ba su yi mata adalci ba. Akwai ma alamun haske a lalurorin da ƙwayar gado guda ke haddasawa, kamar ciwon Rett da aka amince da maganinsa na farko a 2023. Amma gwaji sunansa gwaji. Ana yin sa ƙarƙashin kwamitin ɗa'a, da yardar wanda za a yi wa, kuma ba a karɓar kuɗinsa.

A nan ne maganar ta dawo teburin ma'aikacin tarayya, domin gwamnatin tarayya ce kaɗai matakin mulkin da Bahaushen Anacha ba baƙo ba ne a wajensa. Dokokin ma an riga an yi su. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haɗa da lalurar ƙwaƙwalwa da ta fahimta, ta ba masu lalurar ƙwaƙwalwa damar samun magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. An kafa hukumar da za ta kula da ita a 2020. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma a ofisoshi, in an ce naƙasa, keken guragu da sandar makaho ake gani. Jami'in ɗaukar ma'aikata da ya saba da likitan talabijin zai zauna da matashin da ba ya kallon ido, mai amsa tambaya a taƙaice, ya ga bai ga gwani ba, ya yar da takardarsa, alhali rajista da ɗakin ajiyar fayil da sashen shigar da bayanai cike suke da aikin da irin wannan matashi zai yi fiye da kowa.

Hukumomin sa ido kuma gara su riga kasuwar isa. NAFDAC ce ke rajistar na'urorin asibiti, majalisar likitoci ta MDCN ke hukunta likita, ARCON ke tantance talla, NBC ke kula da abin da tashoshi ke watsawa. Sanarwa guda ta haɗin gwiwa, da Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan, cewa babu na'ura ko allurar da aka tabbatar tana warkar da galahanga, ba za ta ci ko kuɗin taron bita ɗaya a otal ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da shirin horar da iyaye da masu riƙo, wanda aka tsara don wuraren da babu ƙwararru, aka gwada shi a Habasha da Kenya, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya koyar da shi. Fassara shi zuwa Hausa da kai shi Asata da Diobu ta hannun sarakunan Hausawa da limamai da makarantun Islamiyya na matan aure aiki ne na watanni. Sarakunan nan sun san kowane gida. Su ne za su iya cewa a gida kaza akwai saurayin da shekara 5 ke nan ba a gan shi a masallaci ba.

Masu shirya fim na Kano su ma suna da labarin da ba su taɓa ba, kuma ba sai sun ƙirƙiro gwani ba. Mutum na farko da aka taɓa rubuta wa wannan lalura a tarihin likitanci, a rahoton Leo Kanner na 1943 kan yara 11, shi ne Donald Triplett na ƙaramin garin Forest a jihar Misisipi. An kai shi gidan kula da yara yana ƙarami, iyayensa suka je suka ɗauko shi. Ba a warkar da shi ba. Ya yi karatu, ya koyi tuƙi, ya yi aiki shekaru kusan 65 a bankin garin, wanda danginsa ke da hannu a ciki, mutanen garin kuma suka san halinsa suka tsare masa mutunci. Iyayensa masu hali ne, wannan gaskiya ne, kuma sun tanadar masa abin da zai rayu da shi bayan ransu. Ya rasu a gidansa a Yunin 2023 yana da shekara 89.